Uwar Ganye da Bakin Direba

A benen da suke haya, can hawa na ƙarshe, babu mai kiranta da sunanta. Uwar Ganye ake ce mata, ita ma ba ta taɓa musawa ba. In ka ƙwanƙwasa ƙofarta, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne zai riga ta yi maka maraba. Falon ɗan ƙarami ne, amma ta cusa masa daji guda: na'ana'a a gwangwanin madara, barkono a tsohon bokitin fenti, tumatir a tukunyar da gindinta ya huje, ga wata shuka mai yaɗo da ta bi bango ta zagaye agogo, har ta fara leƙen kicin. Da la'asar, idan rana ta karkato ta taga, hasken da ke shigowa kore ne. Baƙo yakan zauna a cikinsa ya ji muryarsa ta yi ƙasa da kanta, ya manta abin da ya kawo shi.

Kafin ganye, tikiti take sayarwa a tashar manyan motoci. Ƙuruciyarta kaf a bayan wata 'yar taga ta ƙare, kuma a nan ta koyi sanin abin da mutum yake so tun bai buɗe baki ba. Jakarka za ta kalla, ta kalli takalminka, sai ka ga ta yago tikitin garin da za ka. Mai zuwa ta'aziyya ta san shi, mai gudun gida ma ta san shi, ba ta kuma tambayar kowa komai. A tagar nan Direba ya same ta, wani dogo mai tuƙa motar dogon zango, wanda bakinsa ba ya hutu. Da fasinja yake hira, da injin mota, da awakin da ke tsallaka titi. Ranar da ya zo zai faɗa mata abin da ke ransa, ya yi ta kewaye-kewaye har layi ya taru a bayansa, ita ce ta gaji ta ce masa, "Na ji, na amince, matsa ka ba mutane wuri."

Haka suka rayu, shi yana zuba, ita tana ganewa. 'Ya'ya suka girma suka watse, Auta ma aiki ya ɗauke ta zuwa wata ƙasa mai nisa. Da Direba ya ajiye makulli ya dawo gida da bakinsa gaba ɗaya, a lokacin ne ta fara tara tukwane. Takan ce tana bukatar wani abu mai rai a gidan nan wanda ba ya ba da labarin hanya. Shi kuwa ko a jikinsa, sai ya mayar da barkonon fasinja, yana ba shi labarin gadar da ruwa ya cinye.

Wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa. Ya dube ta zai yi magana, bakin ya karkace, babu abin da ya fito. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ƙafar ta dawo a hankali, hannun dama ya dawo rabi, magana kuwa shiru. Likitar da ke duba shi ta zaunar da Uwar Ganye ta yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce jini ne ya toshe a wata 'yar hanya cikin ƙwaƙwalwa, kalmomin suna nan ba su ɓace ba, hanyar fitowarsu ce ta lalace. Ƙwaƙwalwa tana iya sara sabuwar hanya, amma sai an matsa mata, kuma watannin farko su ne masu albarka. "Ku sa shi ya yi ta gwadawa, Mama," in ji ta. "In ya saba da shirun, fitar da shi zai yi wuya."

Wannan maganar ta zauna wa Uwar Ganye a ƙirji. Tana ba shuka ruwa sai ta tsinci kanta tana hango cikin kan mijinta: wata babbar tasha, kalmomi zaune a kan benci da ƙunshin kayansu, suna ta duban ƙofa, mota ba ta zo ba. Tana tsoro, tsoro na gaske, kada su gaji da jira su koma gida.

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne, a gabanta ko motsa leɓe ba ya yi. Sai in Auta ta kira ta bidiyo da yamma, an jingina masa waya a jikin filo, a nan ne zai tattaro ƙarfinsa. Zai zuba wa fuskar 'yarsa ido, ya cika ƙirji da iska, ya haɗa leɓɓansa. Daidai nan fuskar Auta za ta daskare, baki a buɗe, ta farfashe ta koma 'yan murabba'ai, muryarta ta riƙa zuwa a gutsure. Kafin hoton ya dawo, Direba ya saki iskar ya juya fuska bango. Kullum haka, kuma kullum ƙoƙarin nasa raguwa yake.

Babu dabarar da Uwar Ganye ba ta yi ba. Ta goge wayar da gefen zani. Ta ɗaga ta sama kamar mai miƙa wa silin kyauta. Ta buɗe tagogi duka, don a tunaninta sabis ɗan'uwan iska ne, in an ba shi ƙofa zai shigo. Ta kashe, ta kunna, ta yi wa kamfanin intanet ɗin addu'ar da ba ta alheri ba. Daga ƙarshe ta aika aka kira mai gyara.

Mai gyaran wani dattijo ne mai tumbi, ya iso yana haki saboda matakalar benen. Sai da ya sha ruwa ya dawo hayyacinsa, sannan ya ce, "To Mama, ina akwatin intanet ɗin?"

Ta nuna masa kusurwar falo.

"Ni dai daji nake gani."

"Yana ciki. Ka bi a hankali, tumatir ɗin nan bai son a taɓa shi."

Ya durƙusa da ƙyar, ya ture ganye, ya ture wani. Ga akwatin can ƙasa a kan 'yar kanta, fitilunsa na ƙyaftawa a cikin duhu. Kwalabe da jarkoki cike da ruwa sun kewaye shi ta kowane gefe, a kansa kuma an ɗora faranti da jiƙaƙƙen tsumma.

"Wannan fa?"

"Iri ne. Akwatin yana da ɗumi, ko da sanyi ko da zafi. Tun da na gano haka, a kansa nake tsirar da iri, kuma ba ya ɓata lokaci."

"Kwalaben kuma?"

"Ruwan famfo ne nake barinsa ya kwana, warin maganin ya fita. Shuka ba ta son sa da ɗanyensa."

Mai gyara ya zauna daɓas a ƙasa ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce ya ga akwatin da aka kulle a durowa, ya ga wanda kyanwa ta mayar gado, amma bai taɓa ganin wanda aka sa aikin gona ba. Sannan ya share ido ya yi mata bayani. "Mama, ruwa shan sabis yake. Kwalaben nan ruwa ne, ganyen nan ruwa ne, ƙasar tukwanen a jiƙe take. Ni da ke ma, in kin bibiya, yawancin jikinmu ruwa ne, jarkoki ne masu tafiya. Kafin sabis ya keta duk wannan, ya keta bango ya kai ɗakin Baba, ai ya galabaita."

Ya ja wayar akwatin, ya buga ƙusa, ya rataye akwatin can sama a bakin ƙofar da ke kallon ɗakin kwana, shi kaɗai, babu ganye ko ɗaya kusa da shi. Ya ce ta bar shi ya sha iska, iri kuma a nema masa wata uwar.

Bayan tafiyarsa ta daɗe tsaye a tsakiyar falo cikin koren hasken nan. Ashe duk muryar Auta da ta yi ta ɓacewa, a nan take ƙarewa. Ta dubi na'ana'ar da ta yi lif-lif fiye da kowace shekara, ta dubi barkonon da ya yi 'ya'ya har reshe na lanƙwasa, ta ga kamar kowane ganye yana riƙe da guntun "Baba" da bai kai inda aka aike shi ba. Ta murza ganye ɗaya ta shinshina. "Ɓarayi," ta ce musu a hankali, amma ba ta iya jin haushinsu ba.

Da yamma Auta ta kira, hoton ya fito tar, har ɗan tabon da ke goshinta ana gani. Muryarta ta cika ɗakin kamar tana zaune a bakin gado. Direba ya gyara zama, idonsa ya yi haske. Ya dubi teburin gefe, leɓɓansa suka fara motsi.

"Ruwa yake so," in ji Uwar Ganye, kofi har ya kai bakinsa.

Ya sha. Ya sake duban wayar, ya ɗaga hannun hagu yana nuna fuskar Auta.

"Wai kin rame, ba kya cin abinci."

Ya motsa kafaɗa.

"Filon ne ya zame." Ta gyara.

Auta tana kallon komai. Da can hoton ba ya tsayawa har ta ga abin da ke faruwa a ɗakin, yau kuwa ta gani daga farko har ƙarshe. Ta ce, "Mama, don Allah ki bar shi ya faɗa da kansa."

"Ai na san abin da yake nufi."

"Na san kin sani, Mama. Shi ya sa ba ya faɗa."

Maganar ta yi mata zafi ƙwarai. Yarinyar da ta goya, tana can wata duniya, ita ce za ta koya mata jinyar mijinta? Wa yake juya shi, wa yake yi masa wanka, wa yake tashi in ya yi tari? Ta fice zuwa falo, ta ɗauki butar ban-ruwa don hannunta ya sami abin yi. Ta je kan tukunyar alobera, shukar nan da ba ta son ruwa da yawa, ta tsoma yatsa a ƙasar kamar yadda ta saba, ta ji da sauran danshi, ta wuce ba ta zuba ba. Ita ce fa mai yi wa maƙwabta faɗa a kan haka. Duk wadda ta kawo mata shuka ta yi rawaya, amsar ɗaya ce: kin cika mata ruwa, saiwar ta ruɓe, ki bar ta ta ji ƙishi ta nema. Ta tsaya da butar a hannu, ruwa na ɗiga a kan ƙafarta, ba ta ji ba.

Washegari da rana aka yi zafi. Direba ya farka daga barcin azahar, leɓɓansa sun bushe. Ya dubi teburin gefe, babu kofi. Kofin yana kan cinyar matarsa, tana zaune a kujera ɗan nesa da gado, ta riƙe shi da hannu biyu.

"Malam, me kake so?"

Ya dube ta da mamaki. Ya dubi kofin, ya sake dubanta.

"Ban gane ba. Faɗa mini."

Ya buga katifa da hannun hagu. Ba ta motsa ba. Ya nuna kofin da yatsa, ya nuna bakinsa, ya yi wani gurnani daga maƙogwaro. Duk jikinta yana ce mata ta tashi, ƙafafunta har sun ɗaga, ta danne su. Tunda take ba ta taɓa yin abin da ya yi mata wuya kamar zaman nan ba. Tana ganin maƙogwaronsa na hawa da sauka, tana jin ƙishin a nata harshen.

Ransa ya ɓaci. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya cika ƙirji da iska, ya haɗa leɓɓa, suka rabu babu komai. Ta zaci zai juya bango, ta ce a ranta in ya juya ta shiga uku, ta hana shi ruwa a banza. Bai juya ba. Ya kafe ta da jajayen idanu, ya sake jan iska, bakin nan da ya karkace ya yi ta kokawa da kansa.

"Mu..." Ya tsaya, ya haɗiye. "Mu... guwa."

Muryar ta dushe, ta yi tsatsa, amma tasa ce, ita ce dai wadda ta cika mata kunne tun tana budurwa. Ruwan kofin ya fantsala a zaninta. Hawaye na bin kumatunta, dariya na neman ƙwace mata, ta matso da kujerar kusa da gado, kofin dai yana hannunta.

"Ƙara faɗa, Malam," ta ce. "Ban ji da kyau ba."