Auren da Kwamfuta Ta Ɗaga Zuwa Litinin

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, amma bikin 'yata ta biyu ba ya cikinsu, kuma ba na jin zan manta da shi har in koma ga Allah. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, muna zaune a Tudun Wada.

Ɗan farina mai zane ne. Da fenti da burushi ya fara, yana rubuta allunan shaguna da bayan motoci, har ya je Kano ya koyi kwamfuta, ya dawo da wata tsohuwar kwamfuta a kwali. Ya ajiye ta a shagon ƙofar gida, ya ɗinka mata riga, ya sa wa ƙofa kwaɗo biyu. A cikinta akwai abin da yanzu ake kira manhaja, da ita yake zana katin biki da kalanda. Abokinsa ne ya kwafo masa a faifai, kyauta. Sai dai masu ita, can ƙasar Turawa, sun yanka mata wa'adi. Da ranar ta wuce sai ta rufe, ko zanen da ka yi da hannunka ba ka isa ka buɗe ba sai ka saya. Dabarar da abokin ya koya masa ita ce ya mayar da kwanan watan kwamfutar baya da shekara biyu. Don haka mu a cikin gida muna bana, a shago kuwa ana bara waccan.

Malam, mahaifinsu, mai koyar da karatun allo ne, abin bai taɓa kwanta masa ba. Wata rana ya ce, "Yanzu kai kullum sai ka yi wa ƙarfe ƙarya kafin ka ci abinci?"

"Baba, ba ƙarya ba ce, saiti ne."

Malam ya ce, "To, Allah ya sa saitin ya tsaya a shago."

Da aka sa ranar auren, yaron ya ce katin ƙanwarsa sai ya fi na kowa. Ya kuwa yi kyau, furanni har gefe. Na zauna da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci na bi shi harafi harafi, na ga sunan 'yata, na ga Asabar, raina fari ƙal. Ashe da zai sa lambar ranar, kalandar cikin kwamfutar ya duba. Asabar ɗin bara waccan ya ɗauko. A tamu shekarar, wannan lambar Litinin ce.

Ranar Asabar aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo goro, liman ya zauna. 'Yan'uwana daga wajen Falgore sun iso da ƙorensu na nono. Mutum ɗaya ne babu, baffan ango, wanda zai karɓa masa auren tun da mahaifinsa ya rasu. Tsohon akawu ne, yana zaune a Doguwa. Dangin ango suka ce ba wanda zai tsaya a madadinsa, in an yi haka ya yi gaba da su ke nan har kabari.

Aka tura yaron da yayan ango a babur, suka ratsa daji. Da suka dawo bayan la'asar yaron ya ba mu labari. A gona suka sami Baffa yana duba masara, hankali kwance. Ya ciro katin daga cikin hularsa, ya ce ya gwada lambar da kalandar ɗakinsa, Litinin ce.

"Baffa, ai ga Asabar nan a rubuce. Ni na buga, kuskure ne."

"Asabar ɗin wa ya sa?"

"Ni."

"Lambar fa, wa ya ba ka?"

"Kwamfuta."

"To ɗan nan, tsakaninka da na'urar Bature wa zan bi? Duk aikin akawun da na yi ban taɓa barin lamba na bi baki ba. In ta canja magana, ta bugo sabon kati ka kawo mini."

Yaron ya nufi shago da gudu zai buga sabo. Malam ya tare shi a ƙofa, mutane na kallo, ya ce, "Kafin ka taɓa komai, faɗa mata gaskiya tukuna. Bana ce." Yaro ya fara "Baba, in na gyara..." Malam ya kalle shi. Yaron ya gyara kwanan watan. Nan take wani rubutun Turanci ya fito, manhaja ta rufe. Ya sake mayar da ita baya, ta ƙi. Ashe ba a yaudararta sau biyu. Kati ya tafi, da duk zanen da ya tara.

A cikin gida kuwa magana ta fara zagayawa, wai dangin ango sun ji wani abu ne sun janye. Na tarar da 'yata ta kifa kai tana kuka, lalle a hannu. Ni ba mai ɗaga murya ba ce. Na zauna kusa da ita na ce, "Ba wanda ya ƙi ki. Tsoho ne yake jiran Litinin, kuma Litinin tana zuwa." Daga nan na fita na ce wa mata ba inda kowa za shi, a sake ɗora tukunya. Na san in baƙi suka watse, da maganar za su watse.

Haka muka yi ta ciyarwa. Shinkafa ta ƙare muka koma tuwo, tuwo ya ƙare muka koma fura da nonon 'yan'uwana. Ran Lahadi ma wasu suka iso, wai sun ga rana da lamba sun saɓa, sai suka raba tsakiya.

Litinin da hantsi sai ga Baffa, babbar riga har ƙasa, bayansa cike da mutanen da su ma lamba suka bi. Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha. Baffa ya juya ya dubi jama'a, ya ɗaga katin sama, ya ce, "Kun gani ko? Ta ce Litinin, ga shi Litinin aka ɗaura. Na'ura ba ta ƙarya." Aka ce Malam ya buɗe baki zai yi magana, sai ya jefa goro a ciki.

Yaron ya koma burushinsa har ya samu manhajar da ba mai rufe masa. 'Yata tana ɗakinta har yau, ta yi jikoki. Ni kuwa abin da na koya shi ne, kayan aikin da mabuɗinsa ke hannun wani ba naka ba ne, ko da kwaɗo nawa ka sa wa ƙofa. Ƙarya kuma, ko ƙarfe ka yi wa, ba ta tsayawa a shago. Tamu sai da ta shigo har madafa ta cinye mini buhun shinkafa.