Jar Jitar Mai Keke

Kawun mamanku ɗin nan da kuke jin ana cewa Mai Keke, ba keken hawa yake gyarawa ba fa, keken ɗinki ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, a layin teloli. In za ka shiga sai ka sunkuya, in ka manta ka miƙe kanka ya gaisa da siminti. Kawunan kekuna jere a kan katako, baƙaƙe, wani babu hannu wani babu ƙafa, ga warin man keke ya kama bango ya kama rigarsa. 'Ya'yansa ma in ka ɗauke su warin kake ji.

Abin da aka san shi da shi yatsa ne. Tela zai kawo keke yana tsinka zare, ko yana cukurkuɗa ɗinki ta ƙasa, shi ko buɗe keken ba ya yi. Sai ya ja zaren sama tsakanin babban yatsa da manuni, ya lumshe ido, ya ciro ƙoshiya ya ja na ƙasa, ya ce, "Na sama ya fi tauri." Ya murɗa nan, ya sassauta can, har ƙarfinsu ya zo ɗaya, ɗinki ya kwanta lumui. Teloli kan ce masa, "Mai Keke, ranar da ka tafi a bar mana yatsan nan a shago." Shi kuma ya ce, "Ku da allura ma ɓata take a hannunku, yatsa za ku iya ajiyewa?"

To akwai wani kiɗa da ya shige masa rai tun yana koyon aiki. Maigidansa yana da rediyo a kan kantar shago, kullum da rana akwai shirin da ake buɗewa da kiɗan jita, babu waƙa, kiɗa zalla. Aka daina shirin, rediyon ta mutu, maigidan ma ya rasu, amma kiɗan yana nan a bakinsa. Yana aiki yana yi, yana wanka yana yi. Abin da yake so a duniya shi ne wata rana kiɗan nan ya fito daga hannunsa, ba daga bakinsa ba.

Sai da yara suka tasa, furfura ta fara leƙowa, sannan ya sayo jitar. Ja ce, irin mai aiki da lantarki, 'yar araha, a wani kanti da ke sayar da fanka da dutsen guga. A kwali ta zo, da 'yar sifikarta da igiya. Mai ɗakinsa tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Malam, wannan kuma na wane yaron ne?"

Ya ce, "Na yaron da kike aure."

Daga nesa kam kyakkyawa ce, tana ƙyalli. Amma yana shafa wuyanta, 'yan ƙarafan nan da aka jera a kai suka yanke masa tafin hannu, don bakinsu ya fito waje ba a goge ba. Kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, kana saki suna komawa baya. Ya jona ta da sifika, sai wani zuuu ya cika ɗaki kamar an taɓo gidan zuma. Ramin da ake cusa igiyar ma lako-lako yake, in ka yi motsi sauti ya ɗauke.

Wani da sai ya mayar. Shi kuwa fuskarsa har haske ta yi, don mai gyara ya samu abin gyara. Ya kwantar da ita a kan tabarma, ya kwance bayanta, ya leƙa wayoyin ciki, ya girgiza kai ya ce, "Wanda ya haɗa wannan sauri yake ya tafi gida."

Ya fara da magagari, ya bi bakin ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya har suka yi santsi. 'Yar robar da tsirkiyoyi ke hawa a can sama ta tsage, ya samo ƙashi wajen mahauci, ya dafa, ya shanya, ya sassaƙa wata. Ya aro abin narka dalma wajen mai gyaran rediyo, ya sake like wayoyin kaf. Ya shimfiɗe cikinta da 'yar takardar ƙarfe mai sheƙi, zumar nan ta yi shiru. Abin da hannunsa ba zai ƙera ba, sai ya hau mota zuwa can ƙetaren gari, wajen wani mai shagon kayan kiɗa da yake kira Mai Tsirkiya. Can ya sayo sababbin kunnuwa. Da aka jima ya sayo maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, ya cire na kwali ya zuba a gwangwani. Kaɗan-kaɗan, shekara na bin shekara, har ya zama kusan katakon da jan fentin ne kawai na asali.

Amma kiɗan ya ƙi fitowa. Ga yadda yake yi. In ya ɗaura tsirkiyoyin nan shida, sai ya bi su da yatsa kamar zaren keke. Ya ja wannan ya lumshe ido, ya ja waccan, ya murɗa, ya sassauta, har ya ji ƙarfinsu ya zo ɗaya. Sannan ya zauna ya danna inda ya ga ana dannawa a talabijin. Sautin yakan zo kusa, amma a karkace, kamar mutum na tafiya da takalmi ƙafa ɗaya. Sai ya ajiye ta ya dube ta ya ce, "Har yanzu da saura. Kayan araha ba sa ƙarewa da ciwo." Bai taɓa kawo wa ransa cewa yatsan nan zai yi masa ƙarya ba. Yatsan da ya ciyar da gida?

Mai Tsirkiya ya sha ce masa, "Baba, ka kawo ta mana in ji muryarta."

Shi kuma ya ce, "Ɗana, ni ma fa mai gyara ne. In na ɗauki kayana na kai wa wani, da wane ido zan dubi teloli?"

A ɗaki kaɗai yake kaɗa ta, ya rage murya, ya turo ƙofa. Mai ɗakinsa ce kawai ke ji. Ita kuma in ya tambaye ta sai ta ce, "To, ya fi na jiya."

Ana nan sai hannunsa ya fara ciwo. Da fari da safe ne yatsun ke ƙin lanƙwasuwa sai ya jiƙa su a ruwan ɗumi. Daga nan gaɓoɓin suka kumbura. Allura ta fara zame masa. Likita ya duba ya gaya masa gaskiya, ya ce magani zai rage masa gudu, amma ciwon ba ya komawa baya. Ƙaramin yatsa ne ya fara lanƙwashewa, na kusa da shi ya bi. Bai ce wa kowa komai ba, amma da yamma sai ya zauna ya buɗe tafin hagunsa yana kallo, ya ɗaga kai ya dubi jitar a jingine. Ya san in bai samu kiɗan nan da sauran yatsun ba, ba zai samu ba kuma.

Abu ɗaya ya rage bai canja ba, ƙarfen ƙasa da tsirkiyoyi ke kwanciya a kai. Ya ce lallai nan ɓarawon yake. Ya sayo sabo, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗauki sukundireba. Kusoshin ƙanana ne kamar ƙwayar shinkafa. Ya kama, ta faɗi. Ya sake kamawa, sukundireban ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado. Mai ɗakinsa ta durƙusa ta zaro, amma ba ta miƙa masa ba.

Ta ce, "Malam, tashi mu je."

"Ina?"

"Wajen yaron nan mai shago."

"Ni in kai gyara?"

"Kai ba za ka kai ba. Ni zan kai. Kai rakiya za ka yi mini, don ban san hanya ba."

Ta naɗe jitar a bargo ta rungume kamar jinjiri, shi yana biye da 'yan kusoshi a aljihu. Ta bayan layi suka bi, don kada teloli su gani.

Mai Tsirkiya ya ba su benci, ya ɗora jitar a kan tebur, ya warware bargon. Ya daɗe yana juya ta. Ya shafa wuyan sama da ƙasa, ya ƙwanƙwasa ƙashin nan da farce, ya buɗe baya ya ga yadda aka jera wayoyi kamar kitso. Ya ce, "Baba, irin wannan na sayar da su da yawa, ban taɓa ganin wadda aka yi wa gata haka ba." Mai Keke ya gyara zama, ya saci kallon mai ɗakinsa.

Nan da nan aka ɗaura sabon ƙarfen. Mai Keke ya ce a ba shi ya saita da kansa. Ya ja tsirkiya ta farko, ya lumshe ido, ya ce a murɗa. Ya ja ta biyu, ya ce a sassauta. Mai Tsirkiya yana murɗa masa yana kallonsa, har aka gama shida. Sannan ya ce, "Baba, dama haka kake saita ta?"

"Da yaya ake yi? Ga su nan, ƙarfinsu ɗaya."

Mai Tsirkiya bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ɗauko wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana ya maƙala a kan jitar. In ya taɓa tsirkiya sai ta nuna ja, ya murɗa kaɗan, ta koma kore. Ba wani murɗi mai yawa ba ne, wata ɗan ƙari, wata ɗan ragi. Ya gama ya danna, ya shafa su gaba ɗaya.

Sautin da ya fito, Mai Keke bai taɓa jin sa a ɗakinsa ba. Tas, a miƙe, kowace tsirkiya ta san wurin zamanta. Ya miƙa hannu ya ja ɗaya, ya ja wata, ya ce a hankali, "Ai ba ɗaya suke ba. Wannan ta fi wannan tauri."

"Haka ake so, Baba. Kowacce da muryarta. Kunne ke saita ta, ko wannan abin."

Mai Keke ya ce, "Wato duk gyaran nan aikin banza na yi?"

"A'a. Yadda ta zo a kwali, ko an saita ba za ta riƙe ba, kuma da ta gama yanka maka hannu. Gyaran ya yi. Sai dai ta daɗe da warkewa."

Mai ɗakinsa ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi, kafaɗunta na rawa. Mai Keke ya ce, "Yi dariyarki, kada ta shaƙe ki." Sai ga su su biyu suna yi, shi har da share ido.

Mai Tsirkiya ya ga hannun, bai tambaya ba. Ya cire tsirkiyoyin ya sa masu laushi, ya sauke su kusa da wuya yadda taɓawa kaɗan ta isa. Ya ce, "Wane kiɗa kake nema?" Mai Keke ya yi masa da baki. Mai Tsirkiya ya saurara, ya laluba, ya samo masa shi a kan tsirkiya biyu kawai, inda manuni da na tsakiya za su iya kaiwa. Ya nuna masa, ya sake nuna masa, har ya zauna.

Daga ranar aka raba aiki a gidan. Murɗa kunnuwa ya fi ƙarfin yatsunsa, don haka ita ke yi. Da la'asar ta ajiye tsintsiya, ta ɗora jitar a cinya, ta maƙala 'yar na'urar, tana murɗawa tana cewa, "Ja. Ja. Yauwa, kore." In ta juya baya sai ya kai yatsa zai ja tsirkiya ya ji, ta buge hannun ta ce, "Ba keke ba ne."

Kafin damina ta fita ya samu farkon kiɗan, a hankali, kamar mai hawa matakala da kaya. Ya samu ƙarshen ma. Amma a tsakiya akwai wani wuri mai gudu, inda yatsu ke rige-rige, wannan kam ya gagara. Ya yi ya yi, yatsu biyu ba su isa ba, kuma manunin ma ya fara nauyi. Sai ya daina faɗa da wurin. In ya zo nan sai ya ɗaga hannu ya yi shi da baki, ya dawo ya ƙarasa da yatsu.

Wata rana da hantsi ya sa aka kai masa jitar shago, ta gaban layi wannan karon. Ya jona sifika inda yake jona fitila, ya zauna a bakin ƙofa. Teloli suna ta zolaya, wani na cewa a kawo masa baƙin tabarau. Ya fara. Kekuna suna ta ƙara, ba wanda ya kula sosai. Sai wani tsohon tela a shagon kusurwa, sa'ansa, ya ɗauke ƙafa daga kan feda, ya leƙo da tabarau a kan hanci.

Ya ce, "Mai Keke, wannan ba na rediyon nan ba ne? Na rana?"

Mai Keke bai amsa ba sai da ya kai ƙarshe. Ya ce, "Shi ne."

"Amma tsakiyar da baki ka yi."

"Da baki na yi."

Tsohon ya jawo kujerarsa waje, da rigar wani a hannu da allura a jiki, ya zauna ya ce, "To sake daga farko."