Matar da ke Shafa wa Tabarau Basilin

Kafin bas ɗin farko ya bar gareji a Port Calder, Noelene Pascoe ta riga ta ajiye kofin shayinta a kan durom. Sai ta zaro wani tsohon tabarau, ta lakaci basilin ta mulke gilasan, ta ƙwama a fuska, ta tafi can bakin shinge ta juyo. Direbobi su riƙa kunna allon fitilar da ke goshin motocinsu, ita kuwa tana kallo ta cikin maiƙo. Wanda ta iya karantawa ya wuce. Wanda ta kasa, ko zai mutu da huci, sai ya jira.

"Haba Noels, na makara fa!" in ji Trev, direban bas mai lamba uku.

"Kai da ka makara ranar ɗaurin aurenka? Tsaya nan, fitila biyu sun mutu a allonka."

Rubutun allon nan ba na alƙalami ba ne. Ɗige-ɗigen fitila ne a jere, wasu su kama, wasu su mutu, sai harafi ya fito. Noelene ce ke tsara kowane harafi da kowace lamba, ɗigo bayan ɗigo, a fili ƙanƙani. Sama da shekara talatin muna shiga mota da aikin hannunta, ba mu taɓa tambayar ko na wane ne ba.

Zancen basilin kuwa, Des Halloran ne mafarinsa, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa. Idonsa ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi. Matarsa Beryl tana gidan kula da tsofaffi a Hillcrest, kullum da rana yakan kai mata kek mai kwakwa. A shekarar ne aka kawo sababbin alluna masu siraran haruffa da ke gudu daga gefe zuwa gefe, kowa na yabawa, har ita Noelene. Des ya shiga motar da ba tasa ba har sau biyu; na biyun a bakin jujin gari aka tsince shi, da ledar kek a hannu. 'Yarsa Kerrie ta ce in aka sake, za ta ɗauke shi ya koma wurinta a birnin Brisbane. Tsoro ne ya sa ta, ba mugunta ba. Amma Brisbane da Beryl akwai nisa.

Des ya tako har gareji da sandarsa.

"Wa ke rubuta wannan tsiyar?"

"Ni ce, Des."

"To, 'yar nan, ni tsutsar wuta kawai nake gani tana gudu. In aka kai ni Brisbane, ke za ki riƙa kai wa Beryl kek?"

Maganar ta tsaya mata a rai. Wata ma'aikaciyar asibitin ido ta ce in tana son ganin duniya yadda Des ke gani, ta shafa wa tabarau basilin. Ta shafa, ta dubi allon da take alfahari da shi. Hazo ne kawai mai ruwan lemo.

Ta zauna ta sake komai. Ta kaurara haruffa, ta buɗe cikinsu don kada haske ya cushe, ta hana su gudu, sunan inda mota za ta ya tsaya cak. Ran Asabar ta ɗora allo a bayan a-kori-kura ta kai filin da tsofaffi ke wasan gangara ƙwallo, ta sa suka cire tabarau suna karantawa daga nesa, suna musu, suna yi mata tsiya. Duk harafin da ya gagari Des, ta koma ta gyara.

Des bai sake ɓata ba. Bai je Brisbane ba. Yana kai kek har ranar da Beryl ta cika, hannunta cikin nasa.

Noelene, ke ce idon wanda idonsa ya gaji. Ke ce kika yarda a yi miki dariya kowace safiya don kada a raba tsoho da matarsa. Yau samarin gari suna buga haruffanki a riguna da ƙofar shagon kofi, wai yayi ne. Su buga, ai namu ne, muna taƙama da su.

Juma'ar da ta wuce ta yi ritaya. Yanar ido ta fara rufe mata gani, ita ma ta ajiye makullin mota. Litinin Trev ya tsaya a tashar ƙofar gidanta, ya tarar ta riga ta ɗaga hannu.

"Noels, ina basilin?"

"Shekaru sun shafa min nasu, Trev. Amma tun daga kwanar titi na karanta allonka. Buɗe ƙofa, ka makara."

Mun gode, Noelene. Duk mai yi wa jama'a aiki, kafin ya ce ya gama, ya je bakin shinge ya duba da idon mafi rauninmu. Tabarau ɗin yana nan rataye a ƙusa a gareji, ta bar wa mai zuwa, da sauran basilin a kwalba.