Dambun da Inna ta raba a ƙofar jami'a

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta ranar da aka sa zan kare kundin digirina na dakta a Paris. Jami'ar ta yi ɗaruruwan shekaru, kuma zauren da aka ba ni shi ne mai bangon katako da hotunan malaman da suka shuɗe. Shekara biyar ina leƙa shi, ina cewa wata rana Inna za ta zauna a ciki.

Da ƙyar aka ba ta bizar kwana goma, ta taso daga Maraɗi ta sauka wajena a Lyon. A al'adar jami'ar, mai kare kundi shi ke ciyar da malamai in an gama, don haka Inna ta yini tana turara dambun zogale. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris da kwanonmu, saura kwana biyu bizarta ta ƙare.

Muna isa muka tarar ɗalibai sun jibge kujeru da kwandunan shara a ƙofa, sun ɗaure da sarƙa. Wai yajin karatu! Malamaina na tsaye a titi, an hana su shiga. Na je wajen wata yarinya mai lasifika, na nuna mata Inna, na ce awa uku kacal nake roƙo. Ta dafa kafaɗata, wai tun fil'azal ɗalibai ke rufe jami'ar nan, kuma wannan karon domin mu baƙi suke yi, kada a tsananta mana dokar zama.

"Mi ta ce?" in ji Inna.

"Wai don mu suke yi, Inna."

"To, sun tambaye ki?"

Ina kallo Inna ta kwance kwano ta fara zuba wa ɗaliban. Na ce haba Inna! Ta ce, "Abinci bai da laihi, ɗiyata. Da ganinsu ba su karya ba." Mai lasifikar nan har ƙari ta nema. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Bayan mako uku na kare kundin a zauren. Inna na Maraɗi, na jingina waya a kujerar gaba don ta gani, layi ya yanke tun ban gama gaisuwa ba.

Yau ni ma ina koyarwa, kuma ba na cewa ina yi wa kowa gwagwarmaya sai na tambaye shi abin da ya kawo shi ƙofar.