Na Kira Sunan Ɗiyata

A ƙauyenmu can bayan Gummi, da an idar da magariba Kaka takan tura itace a murhu, mu zagaye ta da kwanonin tuwo a cinya. Ba ta jiran kowa. "Ga ta nan," in ji ta, "mai gyangyaɗi shi sha labari wajen wani."

Akwai tatsuniya ɗaya da na tsana, ita kuma na fi riƙewa. Wata yarinya ce ɗiyar fari ta faɗi a bakin rijiya, zuciyarta ta tsaya. Sai ta ga kanta a bisa rumbu, tana kallon jikinta a ƙasa. Tana jin komai. Ta ga wata tsohuwa na danna mata ƙirji, mata na salati. Hanyar komawa kuwa ba ta buɗewa sai uwarta ta kira sunanta. Uwar ta zo a guje ta durƙusa, amma kunyar ɗan fari ta riƙe mata harshe a gaban jama'a. "Ke, tashi! Wance, tashi!" Yarinya ta jira har ta gaji, ta tafi.

Mukan yi ca a kan Kaka, mu ce ba haka ake ƙarewa ba.

"Haka tat ƙare," ta ce. "Ni nat tsayar mata da zuciya? Ku kwashe kwanoninku."

Bayan na yi aure a wajen Bukkuyum na haifi ɗiyata ta fari, Saratu, ni ma na bi al'ada. Ban taɓa kama sunanta ba, "ke" nake ce mata. Ta iya magana sosai lokacin da maza suka fara niƙa dutsen zinari a cikin gida, gubar ƙurarsa ta sa yara suka fara jijjiga. Ranar da tata ta kama ta muka kai ta asibitin Anka, ni da uwar mijina. Ana ɗora ta a gado ta saki. Wata ma'aikaciya ta hau danna ƙirjinta, wani na hura mata iska da wata roba.

Uwar mijina ta kwance mayafi za ta rufe ta. "Ku bar wahal da ita, ta tahi. Ke kuma fita waje, ba a tsayuwar uwa nan."

Ban fita ba. Na ture mayafin, na sa bakina a kunnenta, na ƙwala ihun da duk ɗakin ya ji: "Saratu! Saratu, ni ce Innarki, dawo nan!" Ma'aikaciyar ba ta daina dannawa ba, ni ban daina kira ba, har yarinyar ta ja numfashi kamar wadda aka tsamo daga ruwa.

Ban yi karatu ba, kuma na san Allah ne ya tashe ta ta hannun matar nan. Amma da ta warware, wata rana ina mata wanka ta ce, "Inna, ashe kin san sunana. Na ji ki kina ihu, kallabinki ya faɗi."

Ya faɗi kuwa. Idonta a rufe yake a lokacin.

Har yau matan gidanmu na ce min marar kunya, uwar mijina na kau da kai in na buɗe baki. Su yi ta faɗi. Ni dai da safe kafin in taɓa tsintsiya sai na kira ta da ƙarfi, in tsaya cak har sai na ji ta ce na'am.