Tsakuwa a Hannun Dama

Jiya na tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Maimakon in yi tsaki, sai na ciro ta na ɗora a tafin hannuna ina kallo, har abincin ya huce. Kada ka yi mini dariya, mai karatu. 'Yar tsakuwa irin wannan ce ta raba ni da kakata.

Ni 'yar fari ce, don haka tun daga yaye aka kai ni wurin Kaka a Katuru. Babana ba ya kiran sunana saboda kunya, "yarinyar nan" yake cewa, yana kallon gefe. Da aka ba mu sabuwar jiha sai ya sami aikin ofis a Gusau, ya kwashe iyalinsa, ni aka bar ni. Ko a jikina. Ina da gindin tsamiyar tsakar gida, ina da ƙanshin ƙasa in hadari ya taso daga gabas, ina da bayan Kaka mai ƙanshin man shanu da hayaƙi.

Shekarar da aka fara Shari'a aka ɗinka mana hijabai, aka ware mana ajinmu mu mata. Malamarmu ta kawo mu kan lissafi mai ɗigo, a nan na maƙale. Da can an koya mini in za a ninka da goma a ƙara sifiri a baya. To, da aka ba ni 2.5 in ninka da goma, na ƙara sifirina na rubuta 2.50, na koma kallon shirwa ta taga. Malama ta ce ɗigon ne ke tafiya, amma ni kullum sai in manta inda ya nufa.

Babana ya zo gida ya ji labari. Ina bayan rumbu na ji yana ce wa Kaka, "Inna, yarinyar ga shagwaɓa ta yi mata yawa. In na dawo da kaka, bayan girbi, ban iske ta iya lissahin nan ba, da ita za ni tahi."

Na yi kuka har na gode Allah. Kaka ba ta rarrashe ni ba. Tana tsintar shinkafa a faifai, ta ciro tsakuwa ɗaya, fara sol, ta ce, "Ke ja'ira, zo ki gwada min abin da ka sa ki kuka."

Kaka ba ta san baƙin boko ko ɗaya ba. Na share ƙasa na zana lambobin da yatsa, ita kuma ta ajiye tsakuwar a gurbin ɗigo. Na yi mata bayanin Malama: sifiri nawa ke bayan ɗayan da ke cikin goma ko ɗari, taku nawa ɗigon zai yi, sai dai ban san dama ko hagu ba.

"In an ninka, abin ƙaruwa shikai?" ta tambaya. Na ce i. "To da wane hannu aka karɓar alheri?"

Daga ranar ban sake mantawa ba. Ninkawa dama, rabawa hagu. Damina guda muka yi a haka. In ruwa ya ɗauke, ƙasa ta yi laushi, sai mu zauna gindin tsamiya, kwaɗi na kuka daga fadama, ɗan rediyon maƙwabta na wa'azin cewa aikin alheri ninki goma ake rubuta shi. Kaka ta ce ashe mala'iku ma dama suke tura tasu tsakuwar. Ni kuwa sai in lumshe ido in ga tsakuwata ta zama farar tunkiya tana tsallake kunyoyin gona, taku ɗaya gona ta zama goma, taku biyu ta zama ɗari, har gero ya kai bakin sama. Wani lokaci barci ke ɗauke ni a cinyarta, in farka in tarar kaji sun tattake lissafin.

Da aka yi girbi Babana ya dawo. Ya tsuguna a gefen tabarma, ya zana 3.75, ya ce wa iska, "A ninka da ɗari." Na tura tsakuwa dama taku biyu, ta fita bayan biyar. Ya zana 6.3, ya ce a raba da ɗari. Na tura hagu taku ɗaya, sai lambobi suka ƙare, saura taku guda. Na dubi Kaka, tana ta tsintarta kamar ba ta wurin. Sai na dangwala yatsa na yi ɗan rami a wurin da babu kowa, na ce wannan sifiri ne, na tsallake shi. Ya zama 0.063.

Babana ya daɗe yana kallon ƙasa. Ina ta murna a raina, na ci, zan zauna. Sai ya ce, "Inna, kai irin wanga ba a barinai ƙauye."

Na juya wurin Kaka ina jira ta yi faɗa. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Na san haka tun ranar da yaf faɗi," ta ce mini da safen tafiya, tana ɗaure mini ƙunshin ƙuli-ƙuli. "Kin iya, ki tahi. Ba ki iya ba, ki tahi. Nac ce gara ƙawata ta tahi da kanta a sama." Na ji haushinta ƙwarai, kuma ban taɓa son ta kamar lokacin ba. Na miƙa hannu in karɓi ƙunshin, sai ta buge shi, don hagu na miƙa. Ta kamo na dama, ta sa tsakuwar a ciki ta dunƙule mini yatsu.

Yanzu ni ke koyar da lissafin nan. Ɗalibaina waya suke latsawa ta ba su amsa kafin in rufe baki, shinkafa ma inji ke tsince ta, sai jefi-jefi tsakuwa ke kuɓuce masa. Kaka ta rasu ina makarantar kwana, hanyar garinmu kuma ba kullum take biyuwa ba. Tsakuwarta ta ɓace mini a wata ƙaura. Ta jiya ce na wanke na tafi da ita aji. Da wata yarinya ta tambaye ni ina ɗigon zai nufa, na ce ta miƙo hannun da take karɓar alheri da shi.