Ranar da Kawu Ya Cire Kansa daga Jerin Izini

Kawuna ya yi rabin rayuwarsa a wani ɗaki marar taga, a ƙasan benen wani babban ofis. Sanyin ɗakin kamar cikin firji, kuma ba don shi aka kunna ba, don na'urori ne. Shi dai yana da wata tsohuwar rigar sanyi da yake ratayewa a bayan ƙofa. Tun da matarsa ta rasu ni nake kai masa abincin rana, don in ba a kai ba sai ya wuni da ruwan shayi.

Duk wata wayar kwamfuta da ke ginin, a ɗakin nan take ƙarewa. Tana shiga wani akwatin ƙarfe da suke kira suwic, mai ƙananan ramuka a jere. Kawu ƙofofi yake ce musu. Aikinsa shi ne ya rubuta wa kowace ƙofa jerin izini: kwamfutar ofishin albashi ta isa ma'ajiyar bayanai, ta ɗakin baƙi kada ta leƙa ko'ina sai intanet. Na'urar tana bin jerin daga sama, layin da ta fara cin karo da shi ta yi aiki da shi, wanda kuma ba a ambata ba sam, ba ya wucewa. In ya yi kuskure, waya ta yi ta ruri ana masa faɗa. In ya yi daidai, shiru kake ji. Kawu kuwa ba ya kuskure, abin da ya cuce shi ke nan.

Amma kada ka ce masa ba shi da mutane. Kowace ƙofa tana da 'yar koriyar fitila, kuma ta nan ya san jama'ar sama kaf. Ya san wanda ke sulalewa kafin a tashi, ya san mai barin kwamfuta a kunne. Akwai wadda ya fi ji da ita, wata ma'aikaciya a ofishin albashi, yana ce mata Mai Sammako don fitilarta ke fara kamawa. Da fitilar ta yi watanni a mace, har ramewa ya yi. Ran da ta dawo, na tarar da shi baki har kunne.

"Uwata, haihuwa ta yi," in ji shi, don haka yake kirana. "Masinja ne ya gaya mini."

Na ce, "To Kawu, ka hau ka yi mata barka mana."

Ya ce ba ya son ya takura wa mutane suna aiki. Raina ya ɓaci, na kwashe kwanukana na tafi.

Da lokacin ritayarsa ya zo, sai ya ce mini a ranar ƙarshe zai hau ya yi wa kowa sallama, ofis ofis. Ya ba da dogon kaftaninsa aka goge. Na ji tsoron abin.

Aikinsa na ƙarshe shi ne ya cire kansa. Akwai layi guda a jerin da ya ba kwamfutarsa izinin shiga na'urorin, kuma wanda zai gaje shi ya riga ya sa nasa, daga wani reshe zai riƙa aiki. Ina tsaye Kawu ya goge layin, ya ɗora sabon jerin a kan ƙofar. Nan take allon kwamfutarsa ya tsaya cak. Ya danna, bai motsa ba.

Na ce, "Ya lalace ne?"

"A'a, ya yi aiki," in ji shi.

Muka hau. Hasken sama ya sa shi ƙifta ido. Ofishin albashi ya nufa kai tsaye, ya tsaya gaban teburin da ke jikin taga. Wata mata ce mai tabarau, da hoton jariri a gefen allonta. Kawu ya yi sallama, ya gyara wuyan kaftani.

Ta ɗago da fara'arta, ba ta da laifin komai. "Sannu Baba. Wa kake nema?"

Na buɗe baki zan yi bayani, ya taɓa hannuna.

"Ba kowa, 'yata," ya ce. "Waya na zo dubawa."

Ta janye kujerarta ta ba shi wuri. Kawu ya durƙusa da gogaggen kaftaninsa a ƙarƙashin tebur, ya kama wayar da ya fi kowa sanin lafiyarta lau, ya ɗan jijjiga ta. Ya daɗe a wurin fiye da yadda aikin yake bukata. Ni kuwa na juya musu baya, don hawaye sun cika mini ido.

Da ya miƙe, ta ce, "An gode Baba. Ai ba ta taɓa ba ni matsala ba."

"Madalla," in ji Kawu.

Bai shiga sauran ofisoshin ba.